Wasiƙar da Baba Ya Jefar

Kwananta tara da fara aiki a banki aka kira Auta zuwa wani ɗan ɗaki a hawa na uku. Ɗakin babu taga, tebur ne guda, kujeru shida da farin allo. Mutum huɗu ta tarar zaune, kowa ya yi tsuru-tsuru. Ta ja kujera ta zauna a tsorace, don har yanzu tana cikin watannin gwaji, kuskure kaɗan ya isa a nuna mata ƙofa.

Can sai ga wani saurayi dogo siriri ya shigo rungume da kwamfuta, tabarau na zame masa a hanci. Ya yi sallama, ya haska wani saƙon imel a allo. Kallo ɗaya Auta ta yi wa saƙon ta gane shi. Shi ne wanda ya shigo mata jiya, da tambarin bankin da komai, wai za a rufe asusun albashinta cikin awa biyu in ba ta danna ta sabunta bayananta ba. Ta danna kuwa, ta cike komai tsaf, har da lambar sirri.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji saurayin. "Ba a sace wa kowa komai ba. Ba 'yan damfara suka aiko wannan ba, ni na rubuta shi."

Maganar ta kuɓuce wa Auta kafin ta kama ta. "Kai ka rubuta? Kai da kanka?"

"Ni da kaina. Aikina ke nan a sashen tsaro. Duk wata nakan kwaikwayi irin saƙon da ɓarayi ke turawa, in aika wa ma'aikata. Gara ku faɗa hannuna da ku faɗa nasu."

"To Allah ya isa abincin ranar da ban ci ba jiya."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi, ya tura tabarau da ɗan yatsa, ya dube ta ya ɗan daɗe fiye da yadda darasi ke buƙata.

"Laifina ne, na karɓa. Amma ki riƙe wannan. Duk saƙon da ya faɗar miki da gaba ya ce yanzu-yanzu, to ki tsaya, ɓarawo ba ya son ki samu lokacin tunani. Banki ba zai taɓa neman lambar sirrinki ba, ko a imel ko a waya. In kuma kin yi shakka, kada ki tambayi wanda ya aiko saƙon. Ki juya katinki, ki kira lambar da ke bayansa."

Ta fito tana ƙunƙuni, a matakala ta raɗa masa suna Mai Tarko. Kafin sati ya zagayo duk bankin ya ɗauka.

Daga wannan ranar Mai Tarko ya tsiri saukowa ƙasa. Yau kebul ɗin kwamfuta ya zo dubawa, gobe biro ya zo aro, mutumin da aljihun rigarsa biro uku ne jere. Auta na lura, tana yi kamar ba ta gani. Wata ranar ruwan sama, ana shirin tashi, wayarta ta yi ƙara.

"Tsuntsuwar da na kama, kin zo da laima? Wannan saƙon na gaskiya ne, ba gwaji ba."

"Haka duk suke cewa. Ina shaida?"

"Ɗago kai ki dubi bakin ƙofa."

Ta ɗago. Ga shi can tsaye da laima biyu, ƙafar wandonsa ta jiƙe sharkaf. Wallahi daga wannan tsayuwar zuciyarta ta tafi, ko da yake sai da ta ja masa aji wata biyu cur. A ƙarshensu ya rubuto:

"Auta, ina sonki, kuma aure nake nufi. Ban ce ki amsa cikin awa biyu ba. Ki ɗauki wata, ki ɗauki shekara, ba abin da za a rufe."

Kwana uku ta bar shi yana duba waya kafin ta amsa: "Na bincika, saƙon na gaske ne. Ni ma haka, Mai Tarkona. Sai ka zo ka ga Baba."

To, a nan gizo ke saƙar.

Baban Auta tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana ware wasiƙu yana raba su gida-gida, har unguwa ta laƙaba masa Baba Kan-Sarki. Ya yi ritaya, amma aikin ya ƙi barin jikinsa. Da yayyen Auta suka buɗe masa imel, cewa ya yi shi ba ya karanta wasiƙa a gilashi. Sai ya buga ta a takarda, ya sa tabarau ya karanta, ya dangwala mata hatimin kwanan wata, sannan ya koma kwamfuta ya amsa, ya sa takardar a fayil. A wurinsa wasiƙa ta kwana ba amsa rashin tarbiyya ne.

Mai kula masa da firintar kuwa ɗan amininsa ne, mai shagon sayar da wayoyi, wanda ake kira Manaja alhali shi kaɗai ne a shagon. Shi ma Auta yake so, kuma tuni ya gane cewa hanyar zuwa wurinta ta falon Baba ta bi. Tawada ba ta taɓa ƙarewa a gidan ba tare da ya bayyana da sabuwa ba.

Ranar da Mai Tarko zai zo gaisuwa, Auta ta ja masa kunne. "In ya tambaye ka aiki, ka ce sashen tsaro, ka yi shiru. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji. Amma ikon Allah, mutumin da ke tsara ƙarya a kwamfuta, da bakinsa ko 'yar kwana-kwana bai iya ba. Tana laɓe bayan labulen falo ta ji Baba ya ce, "Tsaron me kake yi a can?" ta kuma ji shi ya zayyane komai tiryan-tiryan.

"Tsaya, samari," in ji Baba. "Kana rubuta wasiƙa da sunan wanda ba shi ya rubuta ba?"

"E, Baba, amma don a koya wa..."

"Mutane su karanta, hankalinsu ya tashi?"

"Na ɗan lokaci ne, ranka ya daɗe."

"A ƙarshen wata kuma a biya ka?"

Auta ta damƙe labulen.

"Ni amana na san wasiƙa," Baba ya ci gaba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na kai ta a ruwa, na kai ta a rana, ban taɓa buɗe ta wani ba. Kai kuma ka mai da ƙirƙirarta sana'a. To faɗa mini, ranar da ka rubuto wa 'yata kana sonta, ta yaya za ta san ba gwaji ba ne? Tashi ka tafi, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ba na ba maƙaryaci 'yata, ko da lasisi yake yi."

A bakin get ta cim masa, hawaye na zuba. Ya miƙa mata hankici. "Daina kuka, tsuntsuwata. Baba mutumin kirki ne, bai gane ba ne kawai. Wata rana zai ga amfanin aikin nan da idonsa."

Ta koma ciki ta roƙi Mama, Mama ta roƙi Baba, Baba ya ce ya gama magana. Manaja kuwa ya ƙara yawan zuwa, har turare ya canja.

Bayan kamar wata guda, wata safiya Auta na ɗaura agogo za ta fita, ta ga Baba ya zaro takarda daga firinta. Ya dubi ƙasanta kawai ya yi tsaki.

"Sashen Tsaro. Daga ofishin maƙaryacin nan ne."

Ya dunƙule ta ya jefa kwandon shara, ko layin farko bai karanta ba. Auta ta buɗe baki, Mama ta girgiza mata kai daga ƙofar kicin. Ta haɗiye maganarta ta fita, ranta a jagule.

Ranar Asabar da hantsi tana wanki a bayan gida, Manaja na falo yana canja tawada, sai ta jiyo Baba yana magana da muryar nan tasa ta ofis.

"E, na amsa wasiƙarku tun da safe, ni ba na ajiye wasiƙa. Lambar da ta shigo yanzu? Bari in sa tabarau. Bakwai... huɗu..."

Ba ta san lokacin da ta watsar da bokitin ba. Ta faɗo falo hannunta duk kumfa, ta tarar wayar a buɗe a kan tebur, wata murya mai laushi na cewa, "Ci gaba, Baba, saura huɗu, lokaci na tafiya." Baba ya kai baki zai faɗi ta uku. Ta wawuri wayar ta kashe.

Tunda aka haife ta ba ta taɓa fizge abu daga gaban mahaifinta ba.

"Ke!" Baba ya miƙe. "Ni za ki katse wa magana da banki?"

"Baba, ka yafe mini, ba banki ba ne. Wallahi ba banki ba ne."

"Ga wasiƙarsu, da tambari!" Ya buga fayil a tebur. Ta duba. Tambarin bankin ne raɗau, ga hatimin Baba na yau a kai. "Ya mai girma abokin hulɗarmu, za a rufe asusunka na fansho cikin awa biyu..." Ya riga ya danna, ya cike lambar kati da ta sirri. Lambar nan da ake turowa a waya kaɗai ta rage musu.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a hannunta. Lambar ɗazu ce.

"Ba ni wayar nan," in ji Baba.

Ta ɓoye ta a bayanta, ta durƙusa. In ta ce masa Mai Tarko ne ya koya mata, ta san ya gama saurarenta. Sai ta bi ta inda zai ji.

"Baba, a gidan waya, in wasiƙa ta zo kana shakkarta, me kake dubawa? Abin da aka rubuta a ciki?"

"Wane irin shirme ne wannan? Ambulan ake dubawa. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a ciki, amma hatimin inda aka jefa ta ba ya ƙarya."

"To wannan ina ambulan ɗinta? Firinta takardar kawai take ba ka."

Wayar ta katse, ta sake kamawa. Auta ta ja kwamfutar, ta danna kan sunan bankin da ke saman saƙon. Adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashi ya fito: tarkacen haruffa da lambobi, ko kusa ba na bankin ba. Ta ɗora kibiyar kwamfutar a kan wajen da aka ce a danna, nan ma wani baƙon adireshi ya leƙo.

"Ga ambulan ɗin, Baba. Kuma dubi, ko sunanka ba su ambata ba. Bankin da ka yi shekaru da shi bai san sunanka ba?"

Baba ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. Ya koma kujera a hankali. "Wannan ba daga can aka jefo ta ba."

"Kawo katinka, mu kira lambar da ke baya."

Minti shida suka yi ana sa musu kiɗa, minti shidan da Auta ba za ta manta ba. Da ma'aikaciya ta ɗauka, Baba ya amsa tambayoyinta da kansa, aka toshe katin. Ta ce masa a daidai wannan lokacin wani na ta ƙoƙarin kwashe abin da ke asusun, lambar nan kawai yake jira. Mama da ke tsaye bakin ƙofa ta zauna a ƙasa tana salati.

Sai a nan Manaja, wanda tun ɗazu yake gefen firinta, ya goge tawadar hannunsa ya yi gyaran murya.

"Baba, ni fa ba na son shiga abin da ba ruwana. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ya iya rubuta irin wannan wasiƙar? Wa ke aiki a bankin? Wa kuma aka kora daga falon nan? A tsorata ka, 'yarka ta cece ka da iliminsa, gobe a ce ka ga amfaninsa."

Auta ta juyo za ta wanke shi tas, sai maganar ta maƙale. Cikin awa biyu. Kalma a kan kalma, irin wanda ya kama ta a hawa na uku. Ga kuma abin da Mai Tarko ya faɗa a bakin get: wata rana zai ga amfanin aikin nan da idonsa. Baba na kallon fuskarta, ya kuma ga abin da ya gifta a kai.

Ta shige ɗaki ta kira Mai Tarko. Ya ɗauka da fara'a, "Tsuntsuwata..."

Ta faɗa masa abin da ya faru a gurguje. Ya tambaya ko an toshe katin, ta ce e, ta ji ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ta rufe ido.

"Kai ne?"



"Ba ni ba ne," ya ce daga baya, muryarsa ta canja. "Nawa yana kama da nasu ne saboda daga nasu nake kwafa. Amma kada ki yarda don na faɗa. Ni na koya miki, ba a tambayar wanda ake zargi. Ku bincika ta wata hanyar."

Baba kuwa ya bincika irin nasa. Ranar Litinin ya sa rigarsa mai guga, ya kai wa shugaban reshe takardar ƙorafi shafi biyu da rubutun hannu, ya ambaci Mai Tarko ƙarara. Kafin la'asar an karɓe katin shigarsa da kwamfutarsa, an dakatar da shi sai an gama bincike. Auta na bayan kantar banki tana sallamar wata tsohuwa ta ga ya sauko da 'yar jakarsa, mai gadi na biye da shi. Bai dubi wajenta ba. Saƙo ɗaya ya turo:

"An hana ni magana da iyalin mai ƙorafi har a gama. Kada ki yi faɗa da Baba, hakkinsa ne ya kai ƙara. Ki ci abinci."

Babu tsuntsuwata, babu komai. Ta karanta ya fi sau ashirin.

Kwana tara ta yi a wannan hali. A banki ana yin shiru in ta shigo. A gida ita da Baba sai gaisuwa. In an same shi da laifi, ya rasa aiki kuma ta rasa shi. In ba a same shi ba, wane namiji ne zai koma gidan da aka ci masa mutunci, wurin yarinyar da ta tambaye shi ko shi ɓarawo ne? Ta kowace fuska ta duba, rashi take gani. Ta rame, har Mama ta fara zama bakin gadonta tana ba ta baki.

Rana ta goma masinjan banki ya kawo amsa a ambulan na gaske. Baba ya duba hatimi, ya yanka da wuƙar buɗe wasiƙa, ya karanta a bayyane kamar yadda ya saba. Bincike ya nuna daga waje aka turo saƙon, ga dubban mutane a rana ɗaya, ba hannun wani ma'aikaci a ciki. Auta ta dafe bango. Baba ya ci gaba, muryarsa na raguwa:

"Muna kuma tunatar da kai gargaɗin da Sashen Tsaro ya aika wa duk abokan hulɗa kwana huɗu kafin faruwar abin. Ma'aikacin da ka ambata shi ne ya gano wannan damfarar, shi ya nace a aika gargaɗin, shi ya rubuta shi."

Ya ɗago. "Wane gargaɗi? Ni ba a aiko mini da wani gargaɗi ba. A duba fayil!"

Mama ta miƙe. Ta shiga kicin, ta ɗaga gwangwanayen da ke kan kantar kicin ɗin, ta zaro takardar da ta shimfiɗa a ƙarƙashinsu. Duk ta yamutse, ga zoben mai a gefe.

"Ga ta, Malam. Na ga bayanta fari ne, na ce asara ce a zubar."

Baba ya karɓa ya karanta, wannan karon a zuci. Auta ta leƙa ta kafaɗarsa. Da sunansa cikakke aka fara. "Za ka iya samun saƙo mai tambarinmu yana cewa za a rufe asusunka cikin awa biyu. Ba mu ba ne. Kada ka danna komai. In an kira ka ana neman lambar da ta shigo wayarka, ka kashe, ka kira lambar da ke bayan katinka."

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ta gaskiya na jefar," ya ce, kamar da kansa yake. "Ta ƙarya na buga wa hatimi."

Da yamma Manaja ya zo da tawada. Baba ya karɓe shi a tsaye. "Zato zunubi ne, ɗana, kuma ni da kai mun ɗauka. Ni zan je in sauke nawa. Ka gai da babanka." Manaja ya juya da tawadarsa, bai ko zauna ba.

Washegari da safe Baba ya fito da ambulan biyu. Ɗaya ta banki ce, ta janye ƙorafi. Ya dubi Auta. "Kin san gidansu?"

"Na san layin, Baba."

"Sa takalminki."

Ta ce su hau mota, ya ce wannan wasiƙar da ƙafa za a kai ta. Tafiyar kusan awa guda ce, rana na dukansu, tsoho na ɗingisa gwiwarsa ta hagu, bai yarda sun tsaya ba. Auta na biye. Ba ta san abin da ke cikin ambulan ɗin ba, ba ta kuma san da wace fuska za a karɓe su ba.

Mai Tarko ne ya buɗe ƙofa da kansa, da tsohuwar singileti, gemu ya tsiro masa. Ganin Baba ya sa ya durƙusa da sauri.

"Tashi," in ji Baba. "Yau ni ne ya kamata in durƙusa, gwiwa ce ta hana. Karɓi. Karanta da ƙarfi, ina son ita ma ta ji."

Ya buɗe ya karanta.

"Ɗana, bayan gaisuwa. Na kira ka maƙaryaci a falona, na kira ka ɓarawo a gaban shugabanka. Duka biyun ni ne na yi kuskure. Ka rubuto mini gaskiya na jefar da ita saboda ƙiyayya. Ina neman gafararka. In har yanzu kana son 'yata, na ba ka. In kuma abin da muka yi maka ya fitar da ita daga ranka, ba zan ga laifinka ba, laifin nawa ne, kada ka ɗora mata."

Ya kai ƙarshe da ƙyar. Ya ninke takardar, ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu.

"Baba, na yafe tun kafin ka taso. Uba ne kai, kare gidanka ka yi."

Sannan ya juyo ga Auta. Ita kam ta kasa ɗago kai.

"Na tambaye ka ko kai ne," ta ce. "Ban cancanci..."

"Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Amma da na zauna na yi tunani, na ga matar da za ta fizge waya daga gaban babanta don ta cece shi, ta kuma dubi wanda take so ta tambaye shi gaskiya, ita nake so a gidana. Tsuntsuwata, kin rame. Ba na ce ki ci abinci ba?"

Kuka da dariya suka haɗe mata lokaci guda. Baba ya juya baya yana nazarin lambar gidan maƙwabta, wai an rubuta ta ba daidai ba.

Mai Tarko ya koma aiki ranar Litinin. Bayan wata uku aka ɗaura aure, gidan ya cika har waje: 'yan'uwa, ma'aikatan banki, da tsofaffin abokan Baba na gidan waya, waɗanda ango ya zaunar a inuwa yana nuna musu yadda ake duba adireshin mai aiko saƙo, har sai da aka zo aka janye shi.

Da lokacin tafiyar amarya ya yi, aka kawo su gaban Baba su biyu suka durƙusa. Ya tanadi jawabi, shafi guda, ya zaro daga aljihu. Ya dubi takardar, ya dubi autarsa, ya mayar da ita aljihu. Ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗar mijinta.

"Ku riƙe gaskiya tsakaninku. Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya yi muku..."

Muryar ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita.

"Albarka," in ji Mama a hankali daga bayansa.

Baba ya gyaɗa kai, gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.